Dusar Oktoba da bashin da take bi a Fabrairu: fashin baƙi kan zamiyar daji da salon Telemark

A tsaunukan Norwe da na Alps da na Kolorado ta Amurka akwai mutanen da, da zarar kaka ta ja baya ganyaye sun zube, ba su da wani aiki sai duba hasashen yanayi a waya da leƙen kan duwatsu ta taga. Jira suke su ga fari ya rufe ƙololuwa. Ran da aka wayi gari aka gan shi, to ranar babu mai riƙe su. Sai ka ga mutum ya saɓo dogayen katakansa biyu na zamiya, wato siki, a bayan jaka, yana ta taka busasshiyar ciyawa da tsakuwa na awa guda ko biyu, don kawai ya kai inda dusar ƙanƙara ta kwanta ya ɗan zame mita ɗari uku ya dawo. Mafi yawansu ma da tsohon siki suke fita, wanda ba za su ji zafi ba in dutse ya kankare shi, don a irin wannan lokaci duwatsu na nan laɓe ƙarƙashin dusa 'yar kaɗan. Masu abin a Amurka har suna kiran duwatsun da sunan kifin nan mai cizo na teku, saboda ba ka ganin su sai sun kama ka.

Masu nazarin zaftarewar dusa kuwa, wannan farin na farko ba murna yake sa su ba. Hoto suke ɗauka suna ajiyewa, suna rubuta gefen dutsen da ya narke da gefen da bai narke ba, kamar mai rubuta sunayen waɗanda yake bi bashi. Kafin a gane dalili, sai an fara sanin irin wasan da ake magana a kai.

Zamiyar da akasari ake gani a talabijin ta fili ce. Kamfani ne ke da wurin, ka sayi tikiti, kujera mai rataye a igiyar ƙarfe ta kai ka sama, mota ta musamman ta bi ta daddale hanya cikin dare, ma'aikata kuma su jefa nakiya da asuba su zubo da duk dusar da ke barazana kafin a buɗe wa jama'a. Zamiyar daji ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da ƙafarka za ka hau, kai za ka zaɓi inda za ka gangaro, in kuma wani abu ya faru, abokan tafiyarka su ne 'yan agajin farko, sau da yawa su ne na ƙarshe. 'Yan Norwe suna ce wa irin wannan fita topptur, wato tafiyar kai wa ƙololuwa.

To yaya ake hawan dutse da abu mai santsi a ƙafa? Da fata. Akwai wani dogon ƙyalle da ake mannawa a ƙarƙashin siki, gefe ɗaya gam, ɗaya gefen gashi gajere wanda duk ya kwanta ya fuskanci baya. Ka shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, hannunka zai wuce sumul. Ka juyo da shi, gashin ya miƙe ya tare ka. Haka abin yake aiki: ka tura ƙafa gaba ta zame, ta so komawa baya gashin ya cije. Da can fatar dabbar ruwa ta gaske ake amfani da ita, shi ya sa har yau ake ce masa fata, amma yanzu da gashin akuyar Angora ake yin sa, ko nailan, ko a gauraya su. Mai matsakaicin ƙarfi yana hawa mita 300 zuwa 400 a awa, don haka dutsen da ya kai mita dubu zai ci masa kusan awa uku. A can sama, cikin iskar da ke yanka fuska, sai ya ɓare fatar da yatsun da suka sandare, ya ninke ta gam a kan gam, ya cusa ta cikin riga kusa da ƙirji don kada sanyi ya kashe gam ɗin in ana so a sake hawa. Gangarowar kuma minti ashirin ta ƙare.

Ba za a iya wannan hawa ba sai dunduniya tana ɗagawa kamar a tafiyar ƙasa. Nan ne Telemark ya shigo.

Telemark sunan yanki ne a kudancin Norwe, ƙasar kwari da dazuzzuka da tudu mai tsini. Siki a wurin mutanen arewa ba wasa ba ne tun asali, abin hawa ne na zuwa farauta da ɗebo itace da kai saƙo. Kalmar siki kanta a tsohon harshensu tsagin itace take nufi. A 2014, sannan a watan Satumban 2021, ƙanƙarar da ke narkewa a dutsen Digervarden ta fito da wari biyu na siki masu shekara kusan 1,300, na biyun har da maɗaurinsa na fata da murɗaɗɗen itace. A wani ƙauye na Telemark mai suna Morgedal aka haifi Sondre Norheim a 1825, talaka mai aikin katako. A 1868, yana da shekara 42, ya yi tafiyar kilomita kusan 200 a kan siki zuwa babban birni Christiania, wato Oslo ta yau, ya shiga gasa ya kayar da samari. Abin da ya ba 'yan birni mamaki shi ne yadda yake juyawa da tsayawa inda ya ga dama. Maɗaurinsa na murɗaɗɗiyar saiwa ne da ke zagaye bayan dunduniya ya riƙe ƙafa kam ba tare da ya danne ta ƙasa ba, sikinsa kuma ya fi siranta a tsakiya, abin da ke sa shi lanƙwasa hanya da kansa in an karkata shi. Ba shi kaɗai ya ƙirƙiro duk wannan ba, mutanen kwarin sun daɗe suna gwaji, amma shi ya kai abin kasuwa. Kalmar slalom ma, wato zamiyar kewaye sanduna da ake ji a gasar Olamfik, daga bakin mutanen Telemark ta fito. Olav Bjaaland, ɗaya daga cikin mutum biyar da suka fara taka ƙarshen kudancin duniya tare da Roald Amundsen a Disambar 1911, ɗan Morgedal ne. Shi kuwa Norheim talauci ya kore shi zuwa Amurka a 1884, ya rasu a 1897 a Dakota ta Arewa, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai kama da faifai. A gidan da aka haife shi aka kunna wutar Olamfik ta hunturu a 1952 da 1960.

Juyin Telemark abin kallo ne. In mutum zai karkata hagu, sai ya tura ƙafar dama gaba, ya bar ta hagu a baya, dunduniyarta a sama, gwiwarta ta sauko har ta kusa taɓa siki, kamar mai shirin durƙusawa ya gaida babba amma ya fasa a rabin hanya. Kafin ya gama sai ya miƙe, ya musanya ƙafa, ya sake durƙusawa ta ɗaya ɓangaren. Haka zai yi ta yi har gindin dutse, cinyoyi na ci da wuta. A dusa mai laushi mai zurfi, wanda ya iya shi kamar rawa yake yi. A kan ɓawon da ya daskare yana fashewa ƙarƙashin ƙafa kuwa, wanda bai iya ba fuskarsa ce za ta fara isa ƙasa, tunda babu abin da ke riƙe dunduniya.

Da wasan ya koma tsaunukan Alps masu tsananin gangara, sai aka ga kulle dunduniya ya fi ba da iko. Makarantar Hannes Schneider a St. Anton ta Ostiriya ta yaɗa sabon salo a shekarun 1920, kujerar hawa ta farko ta fara aiki a Sun Valley ta Amurka a 1936, daga nan buƙatar hawa da ƙafa ta ragu, Telemark ya zama labarin tsofaffi. Wasu matasa a garin Crested Butte na Kolorado ne suka tono shi a shekarun 1970, don su samu shiga daji da kaya marasa nauyi. Takalmin fata ya ba da wuri ga na roba a farkon shekarun 1990, kamfanin Rottefella na Norwe ya fito da sabon maɗauri mai suna NTN a 2007. Sai dai wani ɗan Ostiriya, Fritz Barthel, ya riga ya ƙera maɗaurin da ke sakin dunduniya a hawa ya kulle ta a gangara tun shekarun 1980, wanda kamfanin Dynafit ya sayar wa duniya. Shi ne ya ci kasuwar daji. Yau masu Telemark 'yan tsiraru ne, suna da kirarinsu na cewa ka saki dunduniya hankalinka ya saku, abokan tsokanarsu kuma su ce ka kulle dunduniya matsalarka ta ƙare. A ganina duk wanda ya zaɓi Telemark a yau ba sauƙi yake nema ba, daɗin motsin yake so, kuma wannan hujja ce da ta isa. Dusar da ke ƙarƙashinsu dai ba ta tambayar wane maɗauri mutum ya sa.

Sunan da muka ba ta, dusar ƙanƙara, ya dace da ita a ranar da ta sauka: gari-gari, ba nauyi, iska na ɗibar ta. Amma ba ta zama haka. Daga lokacin da ta taɓa ƙasa take canza kama, kuma kowace sauka tana kwanciya a kan ta baya, hawa-hawa. Wanda ya haƙa rami a watan Fabrairu zai karanta tarihin hunturun gaba ɗaya a jikin bangon ramin: ga ruwan da aka yi a Disamba ya daskare, ga iskar Janairu, can ƙasa kuma ga dusar Oktoba.

Ga abin da ke samun ta Oktoban. Ƙasa tana riƙe da ɗumin bazara, don haka gindin dusa kusan kullum yana wajen digiri sifiri. Samanta kuwa sanyin iska yake bi. A ce an yi sauka ta santimita 30, sai gari ya washe, aka yi mako uku babu hadari, dare na kaiwa digiri 15 ƙasa da sifiri. Bambancin digiri 15 ke nan a cikin tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, wato daidai da digiri 50 a kowace mita. Masana sun gano cewa da zarar bambancin ya kai digiri 10 a mita, tururin ruwa yana fara tashi da ƙarfi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗumi ya je ya daskare a jikin na sama masu sanyi, kamar yadda tururin tukunya ke taruwa a murfi. Ƙwayoyin sai su girma, su yi kusurwa-kusurwa, wasu su zama kamar 'yan ƙananan kofuna, su daina riƙe juna. Ka ɗebo su a safar hannu ka dunƙule, ba za su dunƙulu ba, sai su zube ta tsakanin yatsu suna ƙara shar-shar. 'Yan Norwe da Amurkawa suna ce mata dusar sukari, masu jin Jamusanci kuma dusa mai iyo. Da a ce saukar farko ta kai mita ɗaya da rabi, wannan sanyin dai zai rabu a kan tazara mai tsawo, lissafin ya sauko digiri 10 a mita, ɓarnar ta ragu ƙwarai. Ashe ƙarancin dusar ne matsala. Shi ya sa tsaunukan bakin teku, inda take sauka da yawa kuma sanyi bai cika tsanani ba, ba su faye fama da wannan ciwo kamar na can cikin ƙasa irin Kolorado da Yuta ba.

Sukarin shi kaɗai ba ya kashe kowa. Sai Disamba ta zo da manyan sauka, iska ta kwaso dusa daga gefen da take bugawa ta jibge a gefen da ke laɓe, ta matse ta ta zama daɓe mai tauri. Yanzu ka ɗauka an watsa gero a kan siminti mai gangara, aka ɗora ƙyauren ƙofa a kai. Ƙyauren zai zauna, wataƙila wata guda, wataƙila uku. Ran da nauyin mutum ya kai ga geron ta wani wuri, sai layin sukarin ya rufta, ruftawar ta ruga ta ƙarƙashi ta ko'ina cikin ƙiftawar ido, daɓen ya tsage daga sama ya taho gaba ɗaya, faɗinsa ya fi filin ƙwallo, gudunsa na iya wuce kilomita 100 a awa cikin 'yan daƙiƙu. Akasarin irin wannan yana faruwa a gangarar da ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, wadda ita ce kuma ta fi daɗin zamiya. A kusan tara cikin goma na haɗurran da suka ci rai, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar.

Abin da ya sa wannan nau'i ya fi sauran mugunta shi ne ba ya bin ƙa'idar da mutane suka saba da ita. Sabuwar dusa takan zauna daram bayan kwana biyu ko uku. Sukarin gindi kuwa yana iya kwashe watanni yana jira. Sawun mutum goma a kan gangara ba shaida ba ne, don na sha ɗaya yana iya taka inda daɓen ya yi siriri, kusa da dutse ko gindin wata 'yar bishiya, nauyinsa ya ratsa. Ana ma iya tayar da shi daga nesa: kana tafiya a fili kwance a gindin dutse, ka ji ƙasa ta ce "wuf" ta ɗan nutse ƙarƙashinka, tsagewar ta haura sama ta sako maka abin da ke bisa kanka. Wannan ƙara ita ce gargaɗi mafi bayyana da dutse ke bayarwa, kuma ba kullum yake bayarwa ba.

Akwai kuma tarkon da farkon hunturu ke ɗanawa, wanda a wurina shi ne zuciyar maganar. Gefen dutsen da ke kallon kudu yana samun rana, dusar Oktoba ta narke har ƙasa, hunturu ya fara a kan tsabtataccen wuri. Gefen da ke kallon arewa, can sama, cikin inuwa, nan take zama ta ruɓe. To mai ɗokin zamiya a watan Nuwamba ina zai nufa? Inda dusa ta isa ta rufe duwatsu, wato kwazazzabon da ke inuwa wanda iska ta cika. Wurin da ya fi kyau a ido shi ne daidai inda aka ɗora ƙyaure a kan gero. Ƙari a kan haka, zaftarewa ko ƙarama ce a wannan lokaci jan mutum take yi a kan duwatsu da kututture da ba su gama rufuwa ba. Wasu kuma sukan shiga filin kamfani kafin a buɗe shi suna ganin wuri ne da suka sani, alhali ba a fara jefa nakiya ba, daji ne kamar kowane daji. A gangarar Highland Bowl da ke wani filin kamfani a Aspen ta Kolorado, kafin a buɗe, mutane ake tarawa su yi ta tattaka gangarar da takalmi, taku bayan taku, na makonni, don su farfasa layin sukarin tun yana sama. Babu mai yi wa daji wannan hidima.

Hunturun 2020 zuwa 2021 ya nuna abin a fili a yammacin Amurka. An samu sauka da wuri, sai dogon fari, sai manyan sauka a ƙarshen Janairu da Fabrairu. Mutum 37 suka mutu a zaftarewar dusa a ƙasar a wannan hunturu, alhali abin da aka saba gani bai cika kai 30 ba. Huɗu daga cikinsu rana ɗaya suka tafi, 6 ga Fabrairun 2021, a kwarin Mill Creek kusa da birnin Salt Lake.

Duk mai shiga daji da hankalinsa yana ɗauke da abu uku: 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji mai aika sigina a kan kilohaz 457, doguwar sanda mai haɗe-haɗe ta caka dusa, da shebur na ƙarfe. In dusa ta binne ɗaya, sauran su juya na'urorinsu zuwa nema, su bi ƙara, su caka, su haƙa. Dusar da ta zaftare ba laushi gare ta ba, tana tsayawa take ƙanƙamewa, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. Ƙididdigar da aka yi a Suwizalan, ƙasar da cibiyar binciken dusa ta Davos take, ta nuna kusan tara cikin goma suna rayuwa in an tono su cikin minti 15, amma zuwa minti 35 sai kusan uku cikin goma. Tono mutumin da ke zurfin mita ɗaya yana nufin kwashe dusa sama da tan guda. Jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa a wannan tazara. Kuma kaya ba sa hana komai faruwa. Wanda zaftarewa ta buga da bishiya, na'urar gawarsa kawai za ta nuna.

Saboda haka aikin gaske tun a gida ake yin sa. Ƙasashen Turai sun daidaita ma'aunin haɗari mai hawa biyar a 1993, kuma kowace rana cibiyoyi suna fitar da sanarwa: Varsom a Norwe, cibiyar Davos a Suwizalan, ta Kolorado da aka kafa tun 1973. Abin lura shi ne ba a hawa na 5 aka fi mutuwa ba, don ranar kowa yana gida. A hawa na 3 ne, ranar da rana ta fito, dutse ya yi kyau, lambar kuma ta yi kama da tsaka-tsaki. In sanarwa ta ambaci tsohon layi mai rauni, ƙwararru ba sa ƙoƙarin yi masa wayo. Sukan koma gangarar da ba ta kai digiri 30 ba, wadda babu mai tsini a samanta, su yi ta zagaya cikin bishiyoyi har Maris in ta kama. Nan ma masu Telemark suke samun ranarsu, don salonsu yana ba da daɗi ko a gangara mai sauƙi. 'Yan Norwe suna da ƙa'idodin shiga dutse da aka sake wa fasali bayan mutum 18 sun mutu a hutun Ista na 1967, kuma wadda kowane yaro ya haddace a ciki ita ce mai cewa a juya da wuri, babu kunya a komawa. A arewacin ƙasar ma duhu ke taya su: a Tromsø rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sai ɗan shuɗin haske na 'yan awanni da fitilar goshi.

Layin sukari yana warkewa ne a hankali, in an binne shi da zurfi sosai har bambancin sanyi ya ragu ƙwayoyin suka fara manne wa juna, ko kuma in ruwan narkewar bazara ya ratsa shi ya sake daskarewa. Wani lokaci ba ya samun ko ɗaya. Ranar 20 ga Afrilun 2013, lokacin da mutane da yawa suka ɗauka hunturu ya ƙare, mutum shida suka shiga kwarin Sheep Creek kusa da mashigar Loveland a Kolorado. Sun san dutse, suna ɗauke da kayansu cif, kuma ba su ma hau gangarar ba, gindinta suke ratsawa. Daɓen ya tsage can sama da su, ya karye har zuwa tsohuwar dusar da ta kwanta tun farkon hunturu. Biyar suka mutu. Na shidan an tono shi da rai bayan kusan awa huɗu.